Kuɗin Ƙawa: Jimla Ɗaya Ce Tsakanin Wasa Da Yaudara

A shekarar 2015 wani ɗan kasuwa Bafaranshe mai suna Richard Faille ya fito da wata irin takardar kuɗi wadda duk mai hankali zai ce ba za ta yi kasuwa ba. Takardar ta auduga ce, irin wadda ake buga kuɗin Turai a kanta, tana da zaren tsaro, da hoton ɓoye wanda sai an ɗaga ta an haska ake ganinsa, da lamba tata ita kaɗai. Maɗaba'ar Oberthur, wadda ke buga wa ƙasashe kuɗi na gaske, ita ce ke buga ta. Abin da ya raba ta da sauran kuɗi shi ne darajar da aka rubuta a fuskarta, wato yuro sifiri. Ba ta sayen ko allura, amma masu yawon buɗe ido na biyan yuro biyu ko uku su saye ta a gidajen tarihi da wuraren shaƙatawa, domin kowane wuri da irin zanen da ake yi masa. A 2018, lokacin da birnin Trier na Jamus ya yi bikin cika shekara 200 da haihuwar Karl Marx, har shi ma sai da aka buga masa tasa, jama'a suka yi ta rububinta.

Kafin wannan, tun 1996 wani kamfani ya fara buga abin da ya kira dalar Antatika, alhali kuwa Antatika yanki ne na ƙanƙara wanda ba shi da gwamnati, ba shi da babban banki, ba shi da kasuwar da za a kashe kuɗi a cikinta. An ƙawata takardun da hotunan tsuntsayen ƙanƙara da na matafiyan da suka fara taka yankin, aka riƙa sayar da su ga masu sha'awa. Irin waɗannan takardu su ne nake kira kuɗin ƙawa: suna da siffar kuɗi, amma ba wata hukuma da ta fitar da su, kuma ba a yi su don ciniki ba. Kasuwarsu tana hannun mutanen da suka ɗauki tara kuɗaɗen duniya abin sha'awa, kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin littattafai.

Mai karatu na iya cewa wannan ai shagalin masu ƙoshi ne, ina ruwan mutumin Tudun Jukun da shi? Ruwansa kuwa babba ne, domin kuɗin ƙawa sun daɗe da shigo mana ta ƙofar wasan yara, yanzu kuma suna neman shigowa ta ƙofar biki, kuma za su tarar da jama'ar da akasarinta ba ta karanta harshen da ake rubuta gargaɗi da shi a jikinsu.

Ya kamata mu fara da rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko, tsohon kuɗi na gaske wanda zamaninsa ya wuce, kamar anini da sulai da fam na zamanin Turawa, ko fam ɗin Biyafara da aka fitar a Janairun 1968 ya mutu tare da ƙarshen yaƙi a 1970, ko takardar dala tiriliyan 100 da Zimbabuwe ta fitar a 2009. Waɗannan duk an taɓa cin kasuwa da su, yanzu kuma sun zama kayan tarihi. Na biyu, jabu, wato abin da aka kwaikwayi kuɗin hukuma da shi da nufin a cuci mai karɓa. Na uku, kuɗin ƙawa, waɗanda ba su taɓa zama kuɗi ba, kuma ba su yi da'awar zama kuɗi ba. Ta fuskar takarda da tawada da zane, na biyu da na uku suna iya fitowa daga inji guda. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ke faɗa wa wanda ya riƙe shi. Jabu yana cewa ni kuɗi ne. Kuɗin ƙawa yana cewa ni ba kuɗi ba ne. Ke nan iyakar da ke tsakanin wasa da laifi jimla ɗaya ce tak, jimla kuwa aikin masu nazarin harshe ce.

Bahaushe bai jahilci cewa darajar kuɗi ba a jikinsa take ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wuri kuwa ɓawon wata halittar teku ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya, ya ratso dubban mil kafin ya iso Kurmi. Ba a cinsa, ba a ɗaura shi a rufe tsiraici, amma lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ita ma dalar azurfa ta Mariya Tereza, wadda fatake suka san ta, tana da nata abin mamaki: an ci gaba da ƙera ta shekara da shekaru bayan rasuwar sarauniyar, amma kullum 1780 ake rubutawa a jikinta, saboda da wannan siffar mutane suka yarda. Da Turawa suka kawo nasu, harshenmu ya haɗiye sunayen ya mai da su nasa: sule, fam, sisi, kwabo. Har gobe akwai dattawan da ke lissafi da fam da jaka, duk da cewa naira ta maye gurbin fam tun 1 ga Janairun 1973, haka kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da dala suke ƙidaya sefa. Kuɗin sun tafi, sunayen sun zauna, domin abin da ake musaya da shi a haƙiƙa shi ne yarda, ita kuwa yarda a bakin mutane take rayuwa.

Wani masanin falsafar harshe na Jami'ar Oksfod, J. L. Austin, ya yi bayanin wannan a laccocin da aka buga a 1962. Ya nuna cewa akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, aiki take aikatawa. Idan alƙali ya ce na ɗaure ka wata shida, faɗin shi ne ɗaurin. Idan Sarkin Zazzau ya ce na naɗa ka dagaci, faɗin shi ne naɗin. To amma sharaɗi ne maganar ta fito daga bakin wanda ke da ikon faɗinta, a muhallin da ya dace. Ɗan wasan Kannywood zai sa rawani ya furta kalmomin nan daidai wa daida, ba wanda zai wayi gari dagaci, kuma ba wanda aka cuta, saboda kowa ya san wasa ake yi. Takardar kuɗi irin wannan magana ce, sai dai a rubuce. Babban Bankin Nijeriya ne ke cewa wannan naira dubu ce, gwamnansa ya sa hannu, sai ta zama naira dubu. Sashe na 17 na dokar bankin ta 2007 ya keɓe masa wannan iko shi kaɗai, har ya hana kowa fitar da wata takarda da za a iya ɗaukarta a matsayin kuɗin ƙasa. Kuɗin ƙawa kuwa ɗan wasa ne sanye da rawani. Ba shi da illa muddin duk wanda ke kallo ya san wasa ne. Illar tana farawa ne daga ranar da ya fito daga dandali ya shiga kasuwa da rawaninsa, ya tarar da wanda bai san an yi wasan ba.

Mu a Zariya muna da alaƙa ta musamman da wata takardar kuɗi da ba ta taɓa zuwa hannun kowa ba. A Agustan 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, aka ba da sanarwar za a fitar da takardar naira 5,000 mai ɗauke da hotunan mata uku 'yan gwagwarmaya: Margaret Ekpo, da Funmilayo Ransome-Kuti, da Hajiya Gambo Sawaba, jarumar NEPU wadda ta sha ɗauri sau da dama, ta rayu a garin nan har zuwa rasuwarta a 2001, wadda kuma babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta. Jama'a da 'yan majalisa suka yi ca, suna tsoron hauhawar farashi, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin a watan Satumba. Takardar ba ta fito ba, amma fatalwarta ba ta kwanta ba. A 2020 sai da Babban Banki ya fito ya ƙaryata hotunan naira 2,000 da 5,000 da ke yawo a wayoyin mutane, a 2025 kuma ya sake ƙaryata labarin naira 5,000 da 10,000. Waɗanda suka zana hotunan nan wataƙila gwanintar kwamfuta kawai suke nunawa, amma da yake ba su rubuta cewa wasa ne ba, dubban mutane sun gaskata, sun tura wa wasu. Wannan ya isa ya nuna mana yadda jama'armu ke saurin yarda da duk abin da ya zo da siffar hukuma.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta biki. Sashe na 21 na dokar 2007 ya haramta wulaƙanta naira, ya ambaci liƙi da taka ta a wurin rawa, ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Dokar ta daɗe tana barci, sai a 2024 Hukumar EFCC ta tashe ta, har wata kotu a Legas ta yanke wa wani sanannen ɗan soshiyal midiya ɗaurin wata shida a watan Afrilu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Masu shirya bukukuwa a manyan birane suka koma ga wata dabara: a buga takardu masu girman kuɗi, a sa hoton ango da amarya, mai son liƙi ya tura kuɗinsa ta waya ko ta POS, a ba shi bandir na takardun ya watsa son ransa. Al'ada ta samu, naira ta tsira daga takawa, doka ba ta karye ba. A ganina dabara ce mai kyau, kuma abin da ya karɓu a Legas da Abuja ba ya daɗewa bai iso Kaduna da Zariya ba.

Zariya kuwa gidan ɗab'i ce. A Tukur-Tukur, maƙwabciyar Tudun Jukun, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, ya zama uwar maɗaba'un Arewa, kuma a garin nan aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita. A yau kuma daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari zuwa Samaru, shagunan da ke buga katin gayyata da kalandar biki ba su ƙirguwa, kowane yana da matashin da ya iya zane a kwamfuta. Su ne za a kai wa wannan aiki, kuma a hannunsu shawarar yadda takardar za ta kasance take. Abokin ciniki zai so a yi masa abin da ya yi kama da naira dubu sak, launi da girma da tsarin lambobi, saboda idan an ɗauki bidiyo a ga kamar kuɗi na gaske yake zubarwa. Mai zane kuma, don kare kansa, zai maƙala 'yan kalmomi na Turanci a wata kusurwa, da ƙananan haruffa, masu cewa wannan ba kuɗin ciniki ba ne. Daga nan sai kowa ya ga ya fita haƙƙi.

Sai mu tambayi kanmu, bayan an tashi daga biki, hannun wa takardun nan ke faɗawa? Ango da abokansa sun san abin da suka buga. Amma masu tsintar abin da ya zube a ƙasa su ne yara, da almajirai, da masu share wuri. Daga hannunsu takardar za ta nufi teburin mai shayi da asuba, ko wurin tsohuwa mai ƙosai da magariba, inda haske bai wadata ba, ido ya raunana, ciniki kuma na sauri ne. Wannan tsohuwa da launi da hoto take gane kuɗi, idan kuma tana karatu to da ajami ne. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci bai yi magana da ita ba ko kaɗan. A wurin mai zane takardar kuɗin ƙawa ce, a hannunta kuwa ta zama jabu, ba tare da an canza ko ɗigo ɗaya ba. Kada a ce ai ba mai ruɗuwa. A Amurka, inda kusan kowa ke karanta Turanci, takardar dala miliyan ɗaya ta wasa ta daɗe tana yawo, alhali ƙasar ba ta taɓa buga abin da ya wuce dala 100,000 ba, ita ma a 1934, kuma tsakanin bankuna kawai ta yi aiki. Duk da haka a 2004 an kama wata mata a jihar Jojiya ta miƙa irin wannan takarda a babban kanti tana neman canji. Haka kuma masu damfara sun yi ta sayar wa mutane kwaikwayon takardar Zimbabuwe mai ruwan zinariya, suna yi masu romon baka cewa wata rana za a farfaɗo da darajarta.

Waɗanda suka fara kawo mana kuɗin zamani sun fahimci wannan batu fiye da yadda muke fahimtarsa yau. Kwabo da aninin da Turawa suka ƙera wa wannan yanki tun farkon ƙarni na 20 suna ɗauke da haruffan Larabci, haka takardun Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912, ba don ƙaunar addinin kowa ba, sai don sun san kuɗin da mai karɓa bai iya karantawa ba, ba zai yarda da shi ba. Babban Bankin Nijeriya, da ya fara aiki a 1959, ya gaji wannan hikima, ya ci gaba da rubuta darajar kuɗi da ajamin Hausa. A Fabrairun 2007, zamanin Farfesa Charles Soludo, aka cire ajamin daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka maye gurbinsa da Hausa da Yarbanci da Igbo cikin haruffan boko. A 2014 aka cire shi daga naira 100 ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa. Ya rage a kan 200 da 500 da 1,000, kuma ko waɗannan sai da wani lauya ya kai ƙara kotu a Legas a 2020 yana neman a goge su, bisa zaton Larabci ne, alhali duk wanda ya yi makarantar allo ya san naira dubu aka rubuta, da Hausa tsantsa. An mai da muhawarar ta addini, alhali asalinta tambaya ce mai sauƙi: shin mai riƙe da takardar yana iya karanta abin da take faɗa masa?

Mun ga abin da ruɗani kan kuɗi ke haifarwa a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoban 2022. Mutane sun kwana a layin banki, 'yan kasuwa sun ƙi karɓar tsofaffi, ƙauyawa da yawa ba su ma san kamannin sababbin ba, har sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. Sakamakon haka takarda guda ta zama tana da launi biyu, duka halattattu. A kasuwar da ido ya riga ya saba da ganin naira dubu iri biyu, shigowar ta uku mai hoton amarya ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne.

Ban ce a hana kuɗin ƙawa ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a yi su bisa gaskiya, kuma darasin yana nan a takardar yuro sifiri: ta faɗi matsayinta a wurin da ido ya fi sauka, da alamar da ba ta bukatar tafinta. Masu maɗaba'unmu su ɗauki wasu ƙa'idoji su riƙe, tun kafin hukuma ta ɗora masu nata. Kada a yi amfani da kalmar naira ko alamarta, ko sunan Babban Banki, ko tambarin ƙasa, ko wani abu mai kama da sa hannun gwamna. Girman takardar ya bambanta da na kuɗi a fili, launinta ya kauce wa na 200 da 500 da 1,000, bayanta kuma a bar shi fari ko a cika shi da addu'ar fatan alheri ga ma'aurata. Sama da duka, a rubuta da manyan haruffa, a tsakiya, da Hausar boko da ta ajami: wannan ba kuɗi ba ne. Kalmomi biyar ne, ba za su ci ko kwabo a kan kuɗin aiki ba. Shi kuma Babban Banki, maimakon ya tsaya ga farautar masu liƙi, ya fitar da ƙa'ida bayyananniya kan abin da ya halatta a kwaikwaya, ya yaɗa ta a gidajen rediyo da harsunan da jama'a ke ji.

Akwai ma alherin da za a iya ci daga wannan sana'a idan an bi ta hanyar da ta dace. Ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na zane-zane ya yi suna a faɗin Afirka, suna iya ƙirƙiro takardun tunawa masu darajar sifiri, ɗauke da ganuwar Zazzau, da dutsen Kufena, da Sarauniya Amina, da hawan daushe, a riƙa sayar wa baƙi da 'yan makaranta. Hajiya Gambo, wadda ba ta sami hawa naira 5,000 ba, sai ta sami takardarta a garinta. Yaron da ya riƙe irin wannan zai tambayi wace ce wannan, daga nan kuma darasin tarihi ya fara. Haka nan iyalan da ke da anini da taro da sisi a ƙasan adaka su daina ganinsu tarkace, domin jikokinsu ba za su san abin da kakanninsu suka yi cefane da shi ba sai ta nan.

Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ce, amma wannan karin magana tana amfanar wanda ya san wane ne kawai. Wanda bai san shi ba, haƙƙi ne a kanmu mu gaya masa, da harshen da yake ji da rubutun da yake karantawa. Masu ilimin boko su ne ke shirya irin waɗannan bukukuwa, su ne ke ba da aikin ɗab'in, su ne kuma ke zaune a ofisoshin da ake yanke shawarar abin da za a rubuta a kan kuɗin ƙasa. Idan tsohuwa mai ƙosai ta wuni gaban wuta ta koma gida da hoton amaryarmu a matsayin cinikinta, ba za mu ce ba mu da hannu ba. Allah Ya sa mu gyara.